Wa Zai Tsira? Tuna Mutuwa a Zanen Holan da Wa'azin Ƙasar Hausa

Laccar da aka gabatar a Magarya gaban malaman makaranta, ɗalibai da iyayen gari

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayawa mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Masu sarauta, ranku ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata, sannunku da fitowa. Ƴan'uwa da kuka taso daga Dungas, Waca, Bande, Ɗanciyau, Sasumburum, Malawa da Dogo-Dogo, sannunku da hanya. Ɗalibai, Allah ya yi muku albarka.

Maganar yau a kan masu zane ce na ƙasar Holan, da yadda suka zana mutuwa da ƙarewar duniya shekaru kusan 400 da suka wuce. Wani zai ce ina ruwan Magarya da Holan. Iyayenmu mata ne za su fara ba shi amsa, don sun san ƙasar tun kafin a koya mana ita a taswira. Atamfa ƴar Holan, wadda ake alfahari da ita a cikin lefe, daga garin Helmond take fitowa, daga kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846. Ƙasar da ta ƙware wajen buga fure a kan atamfa ta riga ta ƙware, tun ƙarni biyu kafin nan, wajen buga ƙoƙon kan mamaci a kan takarda. Na zo ne mu duba dalilin da ya sa attajiran da suka fi kowa kuɗi a Turai a zamaninsu suke sayen hoton da ke gaya musu za su mutu. Sa'annan mu juyo gida mu ga yadda mu muka yi namu gargaɗin, da amfanin da ya kamata ya yi wa masu rai.

Malamanmu suna da magana a kan zana surar abu mai rai, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Ba na kuma cewa kowa ya rataye ƙwarangwal a ɗakinsa. Tarihi muke dubawa don mu ɗauki darasi.

Yadda ake buga zanen

Mai zanen ba a takarda yake fara aiki ba. Faifan jan ƙarfe yake samu, a goge shi ya yi santsi. Sai ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini, ya riƙa tura shi yana tsaga layi ɗaya bayan ɗaya, dubban layuka, wasu sun fi gashi sirantaka. Inda yake son duhu sai ya cunkusa su, inda yake son haske ya bar tazara. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya, ya ga yadda ake tsaga ta sannan a shafa baƙi ya zauna a cikin tsagar, ya riga ya gane rabin aikin. Idan an gama, sai a mulke faifan da tawada mai kauri, a goge samansa tas, tawadar ta rage a cikin tsagogin kaɗai. A shimfiɗa takarda mai ɗan danshi a kai, a tura su cikin injin matsi tsakanin manyan gunguma biyu. Takardar ta nutsa cikin tsagogin ta tsotso tawadar. Komai a juye yake fitowa, don haka wanda ke son rubutu ya karantu dole ya sassaƙa shi a baibai.

Akwai hanya ta biyu. A rufe faifan da kaki, a yi zanen da allura a kan kakin, sannan a tsoma shi cikin ruwan asid. Ruwan zai ci ƙarfen a inda allura ta buɗe kawai. Wannan hanyar ta fi sakin hannu, ita Rembrandt, wanda za mu zo kansa, ya fi yin amfani da ita.

Amfanin wannan wahala shi ne yawa. Zanen fenti guda ɗaya ne, sai mai kuɗi. Faifan jan ƙarfe kuwa yana ba da ɗaruruwan kwafi kafin layukansa su lashe, don haka kafinta da maɗinki da ɗalibi suna iya saye su manna a bango ko su sa cikin littafi. Ku riƙe wannan batu na araha da yawa, za mu same shi a Kano.

Me ya sa Holan, me ya sa a lokacin

Abubuwa uku suka haɗu a ƙasar. Na farko addini. A 1566 jama'a suka afka wa majami'u suna farfasa gumaka da hotuna, kuma daga baya ɗarikar Kalbin, wadda ba ta yarda da sura a wurin ibada ba, ta yi rinjaye a arewacin ƙasar. Bangon majami'u ya koma fari fat. Masu zane suka rasa babban mai saye, suka juya ga gidajen mutane, wa'azi ya bi su ya shiga ɗaki.

Na biyu dukiya. Suna cikin yaƙin neman ƴanci da Sifen, wanda ya ɗauki shekara 80 daga 1568 zuwa 1648, amma jiragensu na ruwa suna ko'ina. A 1602 suka kafa kamfanin cinikin Gabas, wanda ya riƙa kwaso kanumfari da masoro da sauran kayan yaji daga tsibiran da yau ake kira Indunusiya. Amstadam ta zama kasuwar duniya.

Na uku annoba. Tana zuwa ta tafi ta dawo. A 1664 kaɗai ta kashe mutum fiye da 24,000 a Amstadam, fiye da ɗaya cikin goma na mutanen birnin. Mutuwar jarirai kuwa ba gidan da bai san ta ba, na mai kuɗi da na talaka. Mutum yana ƙirga riba da safe, da yamma yana bin gawar ɗansa. Daga nan salon da Turawa ke kira banitas ya bunƙasa, yana jan ma'anarsa daga Littafin Mai-Wa'azi na cikin Baibul, wanda ke nanata cewa abin duniya ba ya ɗorewa. Kayan aikinsa sanannu ne: ƙoƙon kai, agogon yashi, kyandir da ya mutu yana hayaƙi, fure mai yaushi, kumfar sabulu, da tsabar kuɗi a warwatse.

Zane uku

Tun wajen 1519 Lucas van Leyden ya sassaƙa wani saurayi mai hula da gashin tsuntsu, ya ɓoye ƙoƙon kai cikin mayafinsa yana nuna shi da yatsa. Amma bari in tsaya a kan zane uku da suka biyo baya.

Na farko na Hendrick Goltzius ne, mutumin Harlem, wanda ya rayu daga 1558 zuwa 1617. Yana ƙarami ya faɗa wuta, hannunsa na dama ya shanye bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma da wannan naƙasa ya zama gwanin masu sassaƙa faifai na zamaninsa. A 1594 ya fitar da zanen wani yaro ɓul-ɓul, mai nannaɗaɗɗen gashi, yana zaune a ƙasa. Ya jingina da ƙoƙon kan mamaci ba tare da wani tsoro ba. Yana riƙe da ɗan ƙoƙon ruwan sabulu da tsinken busawa, ƙwayoyin kumfa suna tashi sama, idonsa na biye da su. A gefe ɗaya fure ya buɗe, a ɗaya gefen hayaƙi na fita daga wata tukunya yana bajewa. A ƙarƙashinsa an sassaƙa tambaya da Latin, ma'anarta: wa zai tsira? Abin da ke kama zuciya shi ne ba tsoho ya zana ba. Da tsoho ne da mun ce lokacinsa ya yi. Yaro ya zana, mai ƙoshin lafiya, yana wasa, bai san abin da ya jingina da shi ba.

Na biyu hoton zauren fiɗar gawa ne na jami'ar Laidan, wadda aka kafa a 1575. Willem Swanenburg ya sassaƙa shi a 1610. A tsakiya ga gawa a kan tebur an buɗe cikinta. A kewaye, kan benci-benci, an tsayar da ƙwarangwal na mutane da na dabbobi, wasu na riƙe da tutoci masu rubutun gargaɗi, baƙi maza da mata suna zagayawa suna kallo. A ɗaki guda ake tuna wa mutum cewa zai mutu, a ɗakin nan kuma ake koya wa likitoci yadda jiki yake don su yi magani. Mutanen Laidan ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Na uku na Rembrandt ne, wanda aka haifa a Laidan a 1606, ya bar zanen bugawa kusan 300. A 1639 ya yi wani ɗan ƙaramin zane da bai wuce tafin hannu ba. Saurayi da matarsa sun ci ado suna tafe, matar na riƙe da fure. A gabansu kabari a buɗe, ƙwarangwal ya fito daga ciki ya ɗago musu agogon yashi. Layukan sirara ne ƙwarai, sai ka matso da fuska kafin ka ga komai. A shekarar nan ce Rembrandt ya sayi babban gida a Amstadam kan kuɗinsu gilda 13,000, yana kan ganiyar suna, yana tare da matarsa Saskia da ya aura a 1634. Sun riga sun binne jarirai biyu, na uku ya bi su a 1640. Saskia ta kwanta ciwo, ya riƙa zana ta a kan gado, ta rame, kai a ɗaure. Ta rasu a 1642 tana da shekara 29. A 1656 bashi ya ci shi, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma ya fita hannunsa. Titus, ɗan da ya rayu cikin ƴaƴan Saskia, ya riga shi a 1668. Shi kuma ya cika a 1669, aka sa shi a kabarin haya ba alama. Yau takarda ɗaya daga hannunsa ta fi ƙarfin mai kuɗi na tsaka-tsaki. Wanda ya yi zanen nan bai yi shi don tsorata wasu ba, kansa ya fara gaya wa.

Gargaɗin bai tsaya kan kabari kawai ba. A 1694 Jan Luyken da ɗansa Caspar suka buga littafi mai hotunan sana'o'i 100, maƙeri da masaƙi da mai burodi da sauransu, kowane da ƴan baitoci a ƙasa da ke juya aikin hannunsa ya zama tunatarwa kan lahira. Manufarsu ita ce mutum ya tuna ƙarshensa yana bakin aikinsa.

Namu ta kunne ya shigo

Su sun sa gargaɗin a ido, mu muka sa shi a kunne. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun ga cewa littafin Larabci ba ya isa ga manomi da matar kulle, sai suka tsara wa'azi cikin waƙa da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi ga mamatan gidansu, har da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. A marsiyyarta halin kirkin mamacin take lissafawa, haƙurinsa da kyautarsa da adalcinsa, don masu rai su kwaikwaya. Ta hannun jajjinta na ƴan taru, wato matan da ta horar su koyar da ƴan'uwansu, waƙoƙin suka shiga ƙauyuka, mata suka haddace su. Akwai Gangar Wa'azu, akwai Baƙin Mari da Jan Mari, masu bayyana kwanciyar kabari da tsayuwar alƙiyama. A ƙarni na 20 Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya tsara Imfiraji, wadda wasu sassanta suka tsaya kan ruɗin duniya da ranar da za a ɗauki mutum a makara. Babu babba a zauren nan da bai taɓa jin almajiri ko makaho na rera ta a tasha ko bakin kasuwa ba.

Mu ma mun kai ga bugawa. A Kano marubuta kan kwafe waƙar da hannu cikin ajami, da kyakkyawan rubutu irin na allo, a ɗauki hoton shafin a buga dubbai a takarda mai araha. Daga kasuwar Kurmi ƴan koli suke ɗauko su, su ratso ta Ɓaɓura ko Daura, su baje su a tabarma ranar kasuwa tare da tasbaha da turare. A Zariya kuma kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, ya buga irinsu da ajami da boko. Aikin da faifan jan ƙarfe ya yi a Harlem shi ne ɗan littafin ajami ya yi a nan: ya sauko da tunatarwa daga hannun masana zuwa aljihun talaka.

Harshenmu ma cike yake da shi. Muna cewa mutuwa rigar kowa. Muna cewa rai baƙon duniya, duniya rumfar kara, duniya budurwar wawa. Direbobin manyan motoci suna rubuta irin wannan a goshin mota da bayanta.

Muna kuma da abin gani da ido, wanda ya fi kowane zane. Makara ce, a jingine a bangon masallaci, kana wuce ta sau biyar a yini. Ranar da ta sauko, matar da ta tara akwatunan atamfa da attajirin da ke da rumbu goma, farin alawayyo ake yanka musu, ba fure ba aljihu. Kafin a tayar da salla, wani daga dangi zai ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su. A maƙabarta an haƙa rami, a cikinsa an sake haƙa siriri daidai kwanciyar mutum a gefen dama, fuska na duban gabas. A jera itace ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a mayar da turɓaya, kowa ya sa hannu. Bayan ƴan damuna ko ƴaƴansa sai sun yi tambaya kafin su gane wurin. Wannan wa'azi ne da hannunmu muke yin sa.

Furen Holan da gyaɗar Magarya

Mutanen Holan sun ga ƙarewar dukiya da idonsu. Akwai wani fure, tulif, da aka kawo daga Turkiyya. Farashin albasarsa ya yi ta hawa har ana cinikin wadda ke cikin ƙasa ba a tono ba, takarda kawai ke yawo daga hannu zuwa hannu. A Fabrairun 1637 masu saye suka janye, farashin ya faɗi warwas. Tattalin arzikin ƙasar bai rushe ba, amma mutane da yawa sun kwana da alkawarin da ba za su iya cikawa ba. A shekarar aka buga wani zane da ya nuna dillalan furen suna ciniki a cikin wata ƙatuwar hular wawa.

Dattawan da ke nan ba sa bukatar a ba su labarin tulif, don sun ga zamanin gyaɗa. Kafin yuraniyom, gyaɗa ce babban abin da Nijar ke fitarwa waje, kuma yankin nan na cikin zuciyar nomanta. An kafa SONARA a 1962 don cinikinta. Akwai masana'antar mai a Magarya da Matamai da Maraɗi. A Kano ana jera buhuna dala-dala har su fi gini tsawo. Da kaka ta yi, kuɗi na shiga ƙauye, a yi aure, a sayi keke da rediyo. Sai farin 1973 ya zo, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, farashi ya juya. Cikin ƴan shekaru dala ta ɓace, sito ya zama kango.

Mulki ma haka. Sarkin Damagaram Tanimu ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin birninsa, ƙasashen nan namu duk suna kai masa gaisuwa. Ya rasu a 1884. Shekara 15 bayansa, a 1899, Faransawa suka ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Su ma suka mai da birnin hedikwatarsu a 1911, suka kwashe ta zuwa Yamai a 1926, suka sauke tutarsu a 1960. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

Hanyoyi biyu da tunatarwa ke lalacewa

A nan ne nauyin maganata yake. Tuna mutuwa yana iya lalacewa ta hanya biyu, kuma dukansu mun gan su a can, mun gan su a nan.

Ta farko ita ce ya zama ado. A 1637, shekarar da tulif ya faɗi, kamfanin Holan na cinikin Yamma ya ƙwace gidan kurkukun Elmina, a gaɓar Gana ta yau, daga hannun mutanen Fotugal. Jiragen Holan sun yi jigilar ƴan Afirka fiye da rabin miliyan zuwa bauta. Ba su soke bauta a yankunan da suke mulka a nahiyar Amurka ba sai 1863, kuma sai a 2023 sarkinsu ya fito ya nemi gafara. Ke nan akwai gidajen da ƙoƙon kai ke rataye a bango, mai gidan yana zaune ƙarƙashinsa yana lissafin ribar jinin mutane. Kada mu yi saurin nuna su da yatsa. A ƙarnin da ake rera waƙoƙin wa'azi a ƙasar Hausa, ana sayar da mutane a kasuwannin Kano da Damagaram, ana kai hari ƙauyuka ana kamo ƴaƴa. Yau ma mutum zai dawo daga maƙabarta da ƙurar kabari a ƙafarsa, ya zauna a rumfa ya tauye mudu. Zai sa hoton mamaci a wayarsa da addu'a mai tsawo, alhali gonar marayun da mamacin ya bari tana hannunsa, ya hana a raba gado, ya danne rabon mata. Wa'azin da bai taɓa mudu da gado ba, ado ne kawai.

Ta biyu ita ce ya zama dalilin naɗe hannu. A Satumban 2018 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, wadda ta fara aiki a Magarya a 2005, ta sanar da duniya cewa a cikin watan da ya gabata ana rasa yara kimanin 10 kowace rana a sashen yara na asibitin garin nan, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Da yawansu an kawo su ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Waɗannan ƴaƴanmu ne, daga ƙauyukan da na ambata a farkon magana. Idan yaro ya rasu mukan ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ajali na hannun Allah, da wannan ne uwa take samun haƙuri. Amma wannan magana ta bayan rasuwa ce. Ba a faɗin ta yaro na kwance jikinsa na zafi, babur na ƙofar gida, asibiti na nan kusa. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya umarce mu da neman magani. Bahaushe ma ya ce rigakafi ya fi magani.

Ku tuna zauren Laidan. Mutanen da suka rataya wa ƙwarangwal tutar gargaɗi su ne suka zauna suna koyon likitanci a gabansa. Attajiransu masu tsoron lahira sun bar wasiyyar a gina gidajen tsofaffi da gwauraye marasa galihu, kuma a Laidan kaɗai akwai irin waɗannan gidaje fiye da 30 da har yau ake zaune a cikinsu. Mu ma muna da sunan wannan a addininmu: waƙafi da sadaka mai gudana. Wanda ya gaskata cewa zai tafi ya bar komai, shi ya fi cancanta ya haƙa rijiya, ya dasa itace, ya ɗauki nauyin karatun maraya.

Abin da nake roƙo

Ga iyaye maza: ku rubuta bashin da ake binku da wanda kuke bi, a gaban shaidu, tun kuna da lafiya. Ku raba gadon da ke hannunku, kowace mace ta karɓi rabonta. Idan damina ta kama, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi suka zo ƙofar gida, a fito musu da duk yaron da bai kai shekara biyar ba, kowane wata har a gama. A kwana cikin gidan sauro. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi likita a ranar, kuma kada uwa ta zauna jiran izinin wanda ya yi tafiya.

Ga malamai, Allah ya gafarta muku: idan kuka yi wa'azin kabari, ku haɗa shi da mudu da gado da lafiyar yara, don jama'a suna jin maganarku fiye da ta kowa.

Ga malaman makaranta da ɗalibai: ku je wurin tsofaffin da suka haddace waƙoƙin wa'azi, ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta sunan wanda suka koya a wurinsa. Ku nemi ƙananan littattafan ajami da ke cikin gafakar kakanninku kafin gara ta gama da su. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam ya adana zanen da na ambata, ya sa su a intanet kyauta, kowa na iya gani. Namu ma sun cancanci wannan kulawa, kuma ba wanda zai yi mana ita sai mu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana ƴaƴanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya sa mu cika da imani ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.